Lamba 16 a jikin rimot da abin da take ci a aljihu

Bazara ta kankama, kuma a gidajen da Allah ya hore wa na'urar sanyaya ɗaki, rimot ake fara lalube kafin a cire hula. Na lura yawancinmu lamba ɗaya muka sani a jikinsa, wato 16. Mutum zai shigo yana gumi ya danna har ƙasa, a zatonsa sanyi zai zo da wuri. Wannan ɗabi'a tana cin aljihu, tana kuma rage wa na'urar kwana.

Lambar da ke fuskar rimot umarni ce ga injin da ke waje, wanda masu gyara ke kira kwamfuresa, cewa ya yi ta aiki har ɗakin ya sauko zuwa wannan mataki, sannan ya huta. A na'urorin da aka fi sabawa da su, gudunsa ɗaya ne ko an sa 16 ko an sa 24. A Kano ko Sakkwato cikin Afrilu, inda zafi kan haura digiri 40, da wuya ɗaki ya kai 16, saboda haka injin ba ya samun sararawa, mita kuwa tana ta lissafi.

Lissafin ba ƙarami ba ne. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Na'ura mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana shan yunit ɗaya da ɗoriya a awa. A kan wancan farashi, daren awa takwas ba hutu ya kai kusan naira 2,000, wata guda kuma kusan 60,000. Irin wannan lissafi ne ya sa Indiya, wadda ita ma ta san zafi, ta wajabta tun daga 2020 cewa sabbin na'urori su fito daga kamfani a saite a kan digiri 24. Shawarata ke nan ga mai karatu: a sa 24 ko 25, a kunna fanka ta baza sanyin, a rufe ƙofa da taga, a saita agogon rimot ya kashe na'urar kafin asuba.

Sai kula da lafiyarta. A bayan murfin gaba akwai raga mai tace ƙura. Ƙurar hunturu kan toshe ta, iska ta kasa wucewa, wani lokaci har ƙanƙara ta taru a ciki. A zare ta duk bayan mako biyu, a wanke da ruwa, a shanya a inuwa, a mayar. Wannan aikin bai kai a kira mai gyara ba. Idan an ɗauke wuta aka dawo da ita, a jira minti uku kafin a kunna, domin matsin gas ɗin ya daidaita. Inda wuta ke zuwa da rauni kuwa, sitabilaiza ta fi sabon kwamfuresa araha nesa ba kusa ba. Idan za a jima ba a amfani da rimot, a cire batirinsa kada ya tsiyaye ya ci ƙarfen ciki.

Abu na ƙarshe shi ne gas. Na sha jin magidanta suna cewa duk shekara sai an ƙara musu. Gas ɗin yana zagayawa ne a cikin rufaffen bututu, aiki ba ya cinye shi kamar fetur. Idan ya ragu, akwai inda yake yoyo. Duk mai gyaran da ya cika maka bai nemo ɓular ya toshe ba, zuba ruwa a kwando ya yi, kuma baɗi war haka zai dawo karɓar wani kuɗin. Kafin ka biya, ka ce ya nuna maka wurin da ya toshe.