Jar fitilar baya ita ce bakin mota

Kaka ta yi, kasuwanni sun cika. Daga Ƙonni zuwa Madawa, daga Maraɗi zuwa Tasawa da Damagaram, motoci na ɗauke da buhunan gero da wake, mutane kuma zaune bisa kaya. Mu ne waɗannan mutane, shi ya sa zancen birki zancen lafiyarmu ne.

Mota ba ta magana. In direba ya taka birki, jar fitilar baya ce ke shaida wa mai biye da shi cewa za a tsaya. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 cikin daƙiƙa guda. In fitilar ta mutu, ga hazon hunturu, ga duhun magariba, kafin na baya ya farga ya riga ya afka.

Dubawa ba ta da wuya. Direba ya taka, yaron mota ya leƙa baya. In guda ce ta mutu, galibi ƙwan ne ya ƙone. In duka biyun ne, makanike ya duba fis da ɗan makunnin da ke jikin matakin birki. Wani lokaci ƙura ce kawai ta rufe gilashin, tsumma ya isa.

Abin da ya fi damunmu shi ne man birki. Wasu in ya ragu sai su cika da ruwan sabulu. Wannan ganganci ne. Birki yana ɗaukar zafi, ruwan ya tafasa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse, mota kuwa tana tafiya. Man ba ya raguwa a banza: ko takalman birki sun cinye, ko akwai yoyo. Lodin da ya wuce kima kuma yana ƙara wa mota nisan tsayawa.

Direbobi za su ce kayan gyara sun yi tsada. Ba mu musa ba. Amma kuɗin ƙwan fitila bai kai na kwana guda a asibiti ba, kuma magidancin da ya karye, wa zai noma gonarsa baɗi?

Ya ku ƴan'uwa, tambaya ba rashin kunya ba ce. Kafin mu hau, mu roƙi direba ya taka mu gani. In jar fitila ba ta kama ba, mu sauke buhunanmu mu jira wata motar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.