Ƙarfen Arlit yana jiran masana daga makarantunmu

A watan Yuni na shekarar 2025 gwamnati ta mayar da kamfanin SOMAIR na Arlit mallakar ƙasa. Shawara ce babba, amma ta zo da tambaya: wa zai riƙe aikin? Takardar mallaka ba ta haƙa rami, ba ta tace ƙarfen uraniyom, ba ta auna gubar da ke shiga ruwan sha. Masana ke yin wannan, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Shugabannin farko sun hangi wannan buƙata. An kafa SOMAIR a 1968, ya fara fitar da ƙarfe a 1971, shekarar da aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973. A cikin shekarun 1970 aka buɗe makarantar ma'adinai ta EMAIR a Agadas. EMIG ta Yamai ta biyo baya don horar da injiniyoyi, sai jami'ar Agadas a 2014. Makarantu dai akwai su. Abin dubawa yanzu shi ne ingancin karatun da ake bayarwa a cikinsu, kuma abubuwa huɗu ne ke riƙe da shi.

Na farko shi ne malami. Gina aji aikin wata shida ne, amma samar da malamin jami'a yana cin aƙalla shekara takwas bayan jarrabawar baka. Daga 2010 zuwa 2014 an kafa jami'o'i bakwai: Maraɗi, Tawa, Damagaram, Agadas, Dosso, Tilaberi da Difa. Malamai ba su ƙaru da irin wannan sauri ba. Malamin da ya zo daga Yamai ya haɗa darasin wata uku cikin mako biyu ya koma, ɗalibinsa ya cika littafi da rubutu, amma bai sami wanda zai yi wa tambaya ba. Dole a bai wa malami gida, kayan bincike da albashi kan lokaci, don ya zauna a Arewa.

Na biyu shi ne aikin hannu. Ilimin duwatsu ba ya shiga kai daga allo kaɗai. Gani ya kori ji. Arlit tana da nisan kilomita wajen 240 daga Agadas, ma'aikatar gawayi da lantarki ta SONICHAR kuma tana Cirozerin, kusa da gari. Ya kamata kowane ɗalibin kimiyya ya yi watanni a waɗannan wurare kafin a ba shi takardar shaida, a kuma rubuta wannan sharaɗi cikin kowace yarjejeniyar haƙar ma'adinai.

Na uku shi ne kuɗin da ba ya yankewa. Da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, baitulmali ya girgiza, makarantu suka sha wuya. Inda tallafin ɗalibai ya makara, yajin aiki ke biyo baya, shekarar karatu ta shiga cikin wata, karatun shekara uku ya koma na biyar. Maganinsa shi ne a keɓe wa ilimi mai zurfi wani kaso sananne daga kuɗin ma'adinai a shekarun wadata, don ya riƙe makarantu a shekarun tsanani.

Na huɗu shi ne tushe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya bar lakwal bai iya lissafi ba, jami'a ba za ta mai da shi injiniya ba. A nan ne nauyi ya hau kanku, ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci: ku duba littattafan ƴaƴanku, ku bar ƴan mata su ci gaba da karatu, ku ziyarci malamansu.

Akokan ta koya mana darasi. COMINAK ya fara aiki a 1978, ya rufe ranar 31 ga Maris 2021. Ɗaruruwan ma'aikata sun rasa aikinsu, an kuma bar miliyoyin tan na dusar ma'adini mai guba wadda sai an yi ta sa mata ido shekaru masu yawa. Masu auna ruwa da iska, da likitocin da za su duba tsofaffin ma'aikata, ya kyautu su fito daga cikin ƴaƴan ƙasa, domin su da iyalansu ne za su sha wannan ruwa.

Marigayi Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya ba da rayuwarsa ga binciken hasken rana a nan gida. Rana a Ayar ba ta ƙarewa, amma kowane ramin ma'adini yana da ranar rufewa. Muna kira ga hukumomi, da magadan gari na Arlit da Agadas, da shugabannin kamfanoni, su zauna da malaman jami'a su tsara wannan aiki tun ramukan suna bayarwa.