Bikin Mardi Gra a makarantunmu: Ina muka baro tashe?

Jama'a, duk shekara wajen watan Fabrairu ko farkon Maris, sai ka ga wasu makarantun kuɗi na birane sun aika wa iyaye takarda cewa a sayo wa yara kayan shigar burtu domin bikin Mardi Gra. Mutumin Takanamat ko Affala da ya shigo Tawa cin kasuwa, in ya ga yaro cikin rigar Spiderman sai ya tsaya yana kallo, bai san hawa ba bai san sauka ba. Abin takaici, yawancin iyayen da suka sayi rigar su ma ba su san tushen bikin ba.

Mardi Gra kalmar Faransanci ce, ma'anarta Talata mai kitse. Ita ce ranar ƙarshe kafin Larabar Toka, ranar da Kiristoci, musamman 'yan ɗarikar Katolika, ke shiga azuminsu na kwana 40 wanda ke kai su ga bikin Ista. A da, Turawa kan cinye nama da ƙwai da man da ke gida a wannan rana, su yi shigar ban dariya, domin gobe sai ƙanƙan da kai. Daga nan ne manyan bukukuwan birnin Nis na Faransa da Benis na Italiya da Riyo ta Burazil suka samo asali.

Saboda haka biki ne mai tushe a addinin maƙwabtanmu. Kiristocin jihar Tawa, waɗanda 'yan Katolikansu ke ƙarƙashin Bishop na Maradi tun 2001, 'yan ƙasa ne kamar kowa. In sun yi walimarsu kafin azumi, haƙƙinsu ne, namu shi ne mu yi musu fatan alheri. Asibitin mishan na Galmi ya fi shekara 70 yana duba marasa lafiyarmu ba tare da tambayar addini ba. Kuma ba mu manta da ƙone-ƙonen coci-coci a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015 ba. Allah Ya kiyaye maimaituwar haka.

Inda nake da ja shi ne makarantar da za ta ɗora wa uba Musulmi sayen rigar da za a sa wuni ɗaya a jefar, alhali yana fama da kuɗin buhun hatsi. In ya ƙi, ɗansa ya zama abin dariya a aji. Wannan kwaikwayo ne na makaho, babu ibada ciki, babu ilimi.

In shigar ban dariya ake so yara su yi, ai muna da tashe. Daga goma ga watan Ramadan yara kan liƙa gemun auduga su yi Tsoho da Gemu, su yi Jatau Mai Magani, a tsokani gwauraye, a ba su sadakar hatsi. Tsumma da gawayi da ƙwarya sun isa, kuma kowane wasa da darasin da yake koyarwa. Yau ga shi yana mutuwa a hannunmu.

A 2026 azumin Musulmi da na Kirista sun kama kusan rana ɗaya. Wannan kaɗai ya isa malami ya zaunar da yara ya bayyana musu yadda kowa ke azuminsa. Ina kira ga shugabannin makarantu su daina tilasta wa iyaye wannan sayayya, su ware ranar al'adu da yaro zai zo cikin shigar Adarawa ko Buzaye ko Fulani. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.