Ran ma'aikaci ya fi abin da yake nema tsada

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2021, ramin zinariya ya rufta da mahaƙa a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa cikin jihar Maraɗi. Aƙalla mutum 18 suka rasa rayukansu. Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki, mutane da yawa suka ce ƙaddara ce. Babu mai musun ƙaddara. Amma ramin da aka haƙa cikin ƙasa mai taushi, ba a tokare bakinsa da itace ba, aka bar wani ramin ya haɗu da shi ta ƙarƙashi, ko yaro ya san ƙarshensa. Irin wannan hatsari sakaci ne ya haife shi, sakaci kuwa yana da magani.

Ƙasar Nijar ba ta rasa dokoki ba. Dokar aiki ta shekarar 2012 ta ɗora wa mai kamfani nauyin tsaron lahiyar ma'aikatansa, ta kuma wajabta kafa kwamitin tsaro da lahiya a ma'aikatar da ke da mutum 10 ko fiye. Idan hatsari ya auku, wajibi ne a sanar da shi cikin awa 48, domin asusun CNSS ya ɗauki kuɗin magani, ya biya diyya ga wanda ya nakasa ko ga iyalin wanda ya rasu. A shekarar 2009 kuma Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya game da tsaron ma'aikata.

Matsalar ita ce, inuwar waɗannan dokoki ba ta kai ga mafi yawan masu cin gumi ba. Magini da ke kan tsani a Yamai, mai walda a Damagaram, yaron garaji a Tawa, ɗan dako a kasuwar Maraɗi, kusan dukansu ba su da takardar aiki, ba su da lamba a asusu. Ranar da magini ya faɗo ya karye, ko ido ya lalace da hasken walda, sai maigida ya ba da ɗan abin da ya sawwaƙa, ya sami wani ya maye gurbinsa. Ciwon kuwa sai ya koma kan mata da ƴaƴa.

Masu gida sukan ce kayan tsaro suna da tsada, aikin kuma ba ya kawo riba mai yawa. Sai a auna. Kuɗin hular kwano, da tabarau na walda, da safar hannu, da takalmi mai ƙarfi, ba su kai kuɗin kwana kaɗan a asibiti ba, balle asarar gwanin da aka yi shekaru ana koya masa sana'a. Wasu matakan ma ba su buƙatar ko dala: a duba tsani kafin a hau, a kashe wuta kafin a taɓa waya, a sa gungume ƙarƙashin mota kafin yaro ya shiga, a hana shan taba kusa da man fetur.

Ma'aikata su ma suna da nasu laifi. Akwai wanda aka ba hula ya ajiye ta saboda zafi, akwai mai ganin ɗaura igiya a kugu ragwanci ne. Wannan jarunta ce ta banza, domin gwani shi ne wanda ya tsufa da yatsunsa goma.

Saboda haka ya kamata masu binciken aiki su riƙa zagaya wuraren gini da garaji da ramukan zinariya, kada su tsaya ga manyan kamfanoni kaɗai. Ƙungiyoyin ma'aikata da sarakunan sana'a, tun daga sarkin magina har sarkin maƙera, su mai da tsaro darasin farko ga kowane ɗan koyo. Ranar 28 ga Afrilu, wadda duniya ta keɓe wa tsaron lahiyar ma'aikata tun 2003, ta zama ranar duba kayan aiki a kowace unguwa.

Wanda ya ɗauki ɗan wani aiki da safe, amana ya karɓa, kuma wajibi ne ya mai da shi gida lahiya da marece.