Waiwaye: Tsoron ɗan gari da tsoron baƙo

Duk wanda ya kalli fina-finan Kudu a zamanin kaset ya haddace adireshin nan ko bai yi niyya ba: lamba 51, Iweka Road, Anaca. Kafin fim ya fara sai an yi talla, wani mutum yana ta ɗaga murya yana jero inda za a samu sabon kaset, Idumota a Legas, Pound Road a Aba, sannan Iweka Road. A waɗannan shaguna ake yanke hukuncin abin da Najeriya za ta kalla. Masu su 'yan kasuwa ne, da yawansu da kayan lantarki da kaset maras komai suka faro, ba su taɓa zama a ajin koyon fim ba. Su ke zuba kuɗi, su zaɓi jarumi, su raɗa wa fim suna, su ce a yanka shi gida biyu a daidai inda ran mai kallo ya fi tashi. Ƙarfinsu ya kai a ƙarshen 2004 suka dakatar da wasu manyan taurari, har da Genevieve Nnaji da Omotola Jalade, wai kuɗin aikinsu ya yi yawa.

Ba wanke su nake yi ba. Sun cika kasuwa da tarkace, sun kuma sa an yi ta maimaita labari ɗaya har ya gundiri kowa. Amma ta fuskar sanin mai kallo ban ga wanda ya kama ƙafarsu ba, don su kaset ɗin da bai karɓu ba a kwali yake komo musu.

Ni a gefen wannan kasuwa na tashi, a unguwar Hausawa da ke kewayen masallacin Bida Road. Kawuna yana da gidan kallo, rumfar kwano ce da bencina da talabijin a kan kanta, sai janareto a baya. Aikina karɓar kuɗi a ƙofa da mayar da kaset farko. Bayan sallar isha'i ake cika: masu albasa da kayan gwari, masu shayi, masu wankin takalmi, yaran tireloli da suka sauke kaya suna jiran lodi. Indiya muka fi sawa, sai Canis, sai na Hausa idan direbobi sun taho mana da su daga Kano. Lokacin da Sangaya ya iso kwana da kwanaki ba a sa wani abu ba. Na Ibo ma muna sawa, kuma ba a rasa masu jin yaren a cikinmu, domin wasu a nan aka haife su.

Abin da ya tono mini duk wannan shi ne aikin makarantar 'yar wana, wadda ke karatun aikin jarida a Inugu. An ba su aikin haɗa buɗewar fim mai sa zullumi, na minti biyu, amma sai sun fara da bincike kan ƙa'idojin irin wannan fim da kuma waɗanda za su kalla. Ta turo mini abin da ta tattara daga intanet. Duhu da inuwa. Madubi. Ƙarar taku a kan bene. Mace ita kaɗai a gida, waya ta yi ƙara, babu mai magana. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Jiniyar 'yan sanda a ƙarshe. Ta kuma raba wa 'yan ajinsu takardar tambayoyi, ta zana sakamakon da launuka masu kyau: yawancinsu sun ce sun fi son fim mai ƙarewar ba-zata.

Na kira ta. Na ce, "'Yata, a gidan hayar da kuke zaune, yaushe rabon da ki ga mace ita kaɗai a gida?" Ta yi dariya ta ce, "Baffa, ai ko banɗaki sai an yi layi." To, ɗakin ƙarƙashin ƙasa fa, a gidan wa ta taɓa ganinsa? Duhu kuma, mutumin da ake ɗauke masa wuta kullum da magariba ba zai razana don fitila ta mutu a fim ba, sai dai ya ja tsaki ya laluba waya. Jiniyar 'yan sanda kuwa, wadda a fim ɗin Amurka take nufin an tsira, a wurin direban da ya biyo hanyar Lakwaja zuwa Anaca wata ma'anar take da ita. Duk abin da ta jero kayan aikin wasu mutane ne, an ƙera su daidai da gidajensu da abin da ke firgita su.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin kayan, wadda ita ce ke tafiya ko'ina, Alfred Hitchcock ya bayyana ta a hirar da ya yi da François Truffaut a 1962. Ya ce a ɗauka mutum biyu suna hira a tebur, ba zato sai bam ya tashi: mai kallo zai firgita na 'yan daƙiƙu, shi ke nan. Amma idan an nuna masa bam ɗin tun farko, ya san ƙarfe nawa zai tashi, ga kuma agogo a bango, to wannan hirar banza da suke yi za ta hana shi sakat har ta ƙare, yana ji kamar ya yi musu ihu. Wato abin da mai shirya fim yake rabawa shi ne sani: wa ya san me, kuma tun yaushe.

A rumfar kawuna na ga gaskiyar wannan tun ban san sunan Hitchcock ba. Shi da ya fitar da Psycho a 1960 ya sa gidajen sinima su hana kowa shiga idan an fara. Mu kuwa a tsakiyar fim ake shigowa, rabin bencin sun kalle shi sau biyu, kuma ba a rasa wani a baya da ke ba da labarin abin da zai faru, "Ku duba, yanzu zai ci amanarsa." Ƙarewar ba-zata ba ta kwana biyu a unguwa ba ta zama tsohon labari ba. Duk da haka mutane suna dawowa su biya. Abin da ke dawo da su shi ne wancan zaman ɗar-ɗar na ganin mutum yana tafiya zuwa ramin da su suka san yana nan. Har magana suke yi masa. "Kar ka sha!" "Wallahi ƙarya yake maka!"

Living in Bondage, wanda Kenneth Nnebue ya fitar a 1992 cikin harshen Ibo, kan wannan aka gina shi. Andy, wanda Kenneth Okonkwo ya fito a matsayinsa, ya gaji da talauci, abokinsa Paulo ya kai shi ƙungiyar asiri, aka ce sai ya ba da wanda ya fi so. Mai kallo ya san matarsa Merit ake nufi. Ita ba ta sani ba, tana ta yi masa hidima. Babu madubi, babu bene, hoton ma ba wani na kirki ba ne, amma idan Merit ta yi wa mijinta murmushi sai rumfa ta yi tsit. Kuma tsoron ba ƙagagge ba ne. A watan Satumba na 1996 Owerri ta kama da wuta bayan an kama wani da kan yaro mai tallan gyaɗa, jama'a suka bi gidaje da otal-otal na waɗanda suke zargi da kuɗin tsafi suna ƙonawa, rikicin da ake kira Otokoto. 'Yan Iweka Road ba su raba takardar tambayoyi ba. Sun san kowa yana da maƙwabcin da ya yi kuɗi dare ɗaya ba a san sana'arsa ba.

Fim ɗin da ya fi koya mini wani abu shi ne Issakaba, na Lancelot Imasuen, wanda Sam Dede, malami a Jami'ar Fatakwal, ya ja ragamarsa. Labarin 'yan banga ne, kuma kowa ya san Bakassi Boys ake nufi, waɗanda suka faro daga 'yan kasuwar Aba, aka shigo da su Anaca a 2000 lokacin da fashi ya hana kowa barci. Mutanenmu sun so fim ɗin ƙwarai. Maganin bindiga da na ƙarfe ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san 'yan tauri, har gardama ake yi kan na wa ya fi ci. Sai dai akwai inda kallonmu ya rabu da na maƙwabtanmu Ibo. Idan aka zo wurin da 'yan banga ke tsare mutum su gwada shi da asirinsu su yanke masa hukunci nan take, ɗan gari tafi yake yi, an kama ɓarawo. A bencinmu kuwa sai ka ji dariyar ta ragu. Wani dattijo mai goro ya taɓa faɗin abin da ke ran kowa: "To idan ni aka tsare, wa zai ce ya san ubana?" Kaset ɗaya ne, titi ɗaya ya raba mu, amma ba abu ɗaya muke tsoro ba.

Wannan na ce wa 'yar wana ta bincika, tunda ta ce Hausawan Kudu take so su zama masu kallonta. Baƙo ba duhu yake tsoro ba. Rana tsaka yake tsoro, lokacin da ya ga maƙwabcin shagonsa yana tattara kaya da ƙarfe sha ɗaya na safe, na kusa da shi ma haka, ana magana ƙasa-ƙasa cikin yaren da bai gama ji ba, babu wanda ya dube shi. Wanda ya ga watan Fabrairu na 2006 a Anaca, bayan rikicin Maiduguri, lokacin da mutane suka yi ta gudu zuwa barikin soja wasu suka tsallaka gada zuwa Asaba, ya san wannan yanayi a jikinsa. 'Yan'uwanmu da suka yi aiki a mayankar Trans-Amadi a Fatakwal, da na kasuwar New Artisan a Inugu, kowa yana da irin ranarsa da zai ba ka labari. Tun da aka fara zaman gida na ranar Litinin a 2021, yaran yanzu ma sun san yadda titi ke zama wayam.

Na kuma ja mata kunne kada ta mayar da maƙwabcin dodo. Fim zai yi arha, kuma ƙarya ne. Yawancin waɗanda suka tsira a irin waɗannan ranaku za su gaya maka wani ɗan gari ne ya raɗa musu, ko mai gidan haya ya kulle su a ɗakinsa. Inugun da take zaune, magajin garinta na farko a shekarun 1950 Umaru Altine ne, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, kuma zaɓarsa aka yi. Zullumin yana cikin rashin sanin ko wannan mutum da kuke gaisawa kullum zai faɗa maka. Kunle Afolayan ya gane amfanin baƙo a October 1, na 2014: marigayi Sadiq Daba ne Insifekta Danladi Waziri, ɗan Arewa da aka tura wani garin Yarabawa binciken kisan mata ana gab da samun 'yancin kai, kuma rabin wahalarsa ita ce gari ya san abin da shi bai sani ba.

Batun yadda ake binciken, takardar tambayoyi tana da amfaninta, amma ɗalibi amsar da za ta sa a ce ya waye yake bayarwa. Na ce ta je inda ake kallo ta zauna a gefe, ta ba talabijin baya, fuskoki take so. Ta rubuta minti nawa aka yi kafin hira ta tsaya, a wace fitowa aka fara danna waya, yaushe wani ya tashi fitsari, yaushe aka yi wa jarumi magana. Gidajen kallon yanzu ƙwallo ta cinye su, don haka ta nemi yaran da ke tura fina-finai a waya a bakin kasuwa. Su ne magadan Iweka Road: sun san wa ke dawowa neman ci gaban Labarina, wa ke son Indiya-Hausa, wa ya ce a goge masa a sa wani. Sannan ta shiga cikin gidaje, domin matan aure ba sa zuwa rumfa, ni kaina shekarun da na yi a ƙofar kawuna rabin unguwa kawai na gani.

Abin da ta ɗauka a ƙarshe mai sauƙi ne. Mai shayi a bakin kasuwa da hantsi, yana fifita wuta. Mata biyu masu shago a bayansa suna rufe ƙofa suna magana da Ibo, ɗaya tana cewa a gaya masa, ɗayar tana cewa ba ruwansu. Shi yana ta jera kofuna. Babu kiɗa, sai ƙarar ƙofofin ƙarfe ana ja ɗaya bayan ɗaya.

Sai ta yi abin da ban ba ta shawararsa ba, kuma ya fi duk abin da na faɗa. Ta fitar da shi kashi biyu, ɗaya da fassarar maganar matan a ƙasan hoto, ɗaya babu, ta nuna wa mutane daban-daban. Waɗanda suka ga mai fassarar sun yi ta yi wa mai shayin faɗa ya tashi. Waɗanda suka ga maras fassarar kuma ba sa jin Ibo ba su ce uffan ba, suna ta duban bakin matan, bayan an gama wani ya tambaya me suka ce. Yaran da aka haifa a Inugu kuwa, ko wanne aka sa musu duk ɗaya ne, tun kalmar farko suka riga kowa tashi tsaye.

Guda ɗaya ake miƙawa. Ni da mai fassarar zan zaɓa, don na fi yarda da mai kallon da ke ihu. Ita maras fassarar ta kai. Da na tambaye ta dalili ta ce, "Baffa, malamin da zai ba da makin Ibo ne, da shi da duk 'yan ajin. Babu kalmar da za ta wuce su."