Farfesa, ka sauko ka yi mana bayani da Hausa 🧵

1/ Jama'a, zan faɗi abin da ƙila ba zai yi wa malamanmu na jami'a daɗi ba: binciken da talaka bai gane ba, rabin aiki ne. Ku biyo ni, da misali na zo.

2/ A Samaru, Zariya, akwai cibiyar binciken aikin gona ta ABU, wato IAR. A 2019 aka fitar da irin wakensu mai suna SAMPEA 20-T, aikin da Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranta. Shekaru suka kwashe a kai.

3/ Matsalar ita ce tsutsar maruka, mai huda fure da kwanson wake. In ta yi ƙamari tana iya cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Manomi kan yi feshi sau 6 zuwa 8 a damina ɗaya. Kuɗi, wahala, ga shaƙar guba.

4/ Sai aka ɗauko ƙwayar halitta daga wata bakteriya da ke cikin ƙasa, ana ce mata Bt, aka sa wa waken don ya kare kansa daga tsutsar. Feshi ya dawo kamar sau 2.

5/ To amma fa, me ke yawo a wayoyinmu kan GMO? Saƙon murya na WhatsApp daga wanda bai taɓa leƙa ɗakin gwaji ba. Shi yana magana da Hausa mai daɗi, farfesa kuma amsarsa na kwance a mujallar Turanci.

6/ Kuma tambayoyin mutane ba shirme ba ne. Misali: zan iya ajiye iri in sake shukawa baɗi? Wake kam za ka iya, don shi ke yi wa kansa barbara. Masarar TELA da aka fitar a 2024 kuwa 'yar aure ce, in ka maimaita irin amfaninta raguwa yake. Ka ga amsa biyu daban. Wa ya zauna ya bambance wa manomi?

7/ Mun san kuɗin shiru. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta bazu har wasu ƙasashe. Sai 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ita. Yara nawa suka gurgunce a tsakani?

8/ Adalci dai, ba laifin malamai kaɗai ba ne. Ƙarin girma a jami'a da yawan takardun da ka wallafa ake samu. Awa ɗaya a rediyo kana amsa wa manoma tambaya ba ta ƙara maka maki. Nan gyaran yake.

9/ A 2008 Jami'ar Queensland ta Ostireliya ta fara gasar da ɗalibin digiri na uku zai bayyana bincikensa cikin minti 3. Me zai hana ABU, BUK da UDUS su yi irinta da Hausa, a ɗora a TikTok?

10/ Da kuɗin al'umma ake binciken nan, al'umma na da haƙƙin ji. Malam, in ba ka yi magana ba, wani zai yi a madadinka, kuma ba lallai gaskiya zai faɗa ba. Ku turo wa malamanku zaren nan, mu ji ta bakinsu.