Wasiƙa Zuwa Ga Masu Ƙera Ƙaramin Inji a Gida

'Yan'uwana maƙera da makanikai,

Ina rubuto muku ne a kan inji mai bugu biyu, tu-sitirok, irin na ƙaramin janareta Tiger da tsohuwar Vespa. Da yawanku sun zaɓe shi don ba shi da bawul a kan inji, kuma kayan cikinsa kaɗan ne. Gaskiya ne. Amma tun da Joseph Day ya fito da wannan tsari a Ingila wajen 1891, asirinsa ɗaya ne: ɗakin karanshaf shi ne famfon da ke zuƙo fetur da iska, ya matse su, ya tura su saman fistin. In ɗakin nan yana yoyo sosai, ku yi ta jan igiya har kafaɗa ta sage, ba zai tashi ba.

Don Allah kada ku ɗora wa kafireto laifi kafin ku gwada. Ku toshe mashigar mai da bakin salansa, ku hura iska kaɗan da famfon keke, sannan ku shafa ruwan sabulu a kan gasket da bakin karanshaf. Inda kumfa ta taso, nan ciwon yake. Sau da yawa ma zubin ɗakin karanshaf ɗin ne da kansa: yashi mai laima ko gwangwanin lemo yakan bar ƙananan ramuka a cikin alminiyom. Maimakon gwangwani, ku narka tsofaffin fistin da kan inji. Masu zubin tukwane a Panteka ta Kaduna sun san yashi, ku je ku zauna da su.

Sai tagogin silinda. Ta hayaƙi ta riga ta shigar mai buɗewa yayin da fistin ke sauka. Ku auna, ku zana a takarda kafin ku huda, don ƙarfen da aka cire ba ya komawa. Ku goge bakin kowace taga, ku kuma kafe ringi da ɗan fil kada bakinsa ya juyo ya maƙale.

Filogi, boris, ringi da kafireto kuwa, ku saya. Ba abin kunya ba ne.

Ranar tayarwa ta farko ku ƙara baƙin mai a fetur, kamar kashi 1 cikin 25, kada ku matsa masa wuta. Kuma ku fitar da shi tsakar gida. Hayaƙin janareta ya kashe iyalai a ɗaki rufe, na naku injin ma haka yake.